Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Tarihin Gwajin Manhajar Kwamfuta a Ma'aikatu Masu Tsoron Kuskure



Abin da zan yi magana a kansa yau, in an hange shi daga nesa, sai a ce sha'anin masu ilmin kwamfuta ne su kaɗai. Amma duk wanda albashinsa ya taɓa maƙalewa domin an ce na'ura ba ta ga sunansa ba, da duk ɗalibin da ya taɓa yini a layin rajista domin an ce shafin ya ƙi buɗewa, ya san maganar ta shafe shi. Manhaja dai ita ce jerin umarnin da ɗan Adam yake rubuta wa kwamfuta don ta bi. Tun da yake mutum ne ya rubuta, to lalle ba za a rasa kuskure a ciki ba. Gwaji kuwa shi ne aikin neman wannan kuskure kafin ya kai ga jama'a. Tambayar da wannan lacca ta ɗauka ita ce, yaushe ne ya kamata a yi gwajin, kuma wane ne ya kamata ya ga sakamakonsa? Zan bi tarihin yadda manyan ma'aikatun Amurka da na Birtaniya suka yi ta fama da wannan tambaya tun daga 1968, domin in nuna cewa ma'aikatar da ta fi kowa tsoron kuskure ita ce ta fi kowa bukatar ganin kuskurenta da wuri, ko da yake al'adarta ta aiki takan ja ta ga jinkirta ganinsa.

Dalilin Tsoron

Kafin mu zargi irin waɗannan ma'aikatu, ya kamata mu yi musu adalci. Rundunar soja, da babban banki, da hukumar kula da magunguna, da ma'aikatar kuɗi, duk suna riƙe da amanar rayuka ko ta dukiyar jama'a. Kuskure ɗaya a wurinsu yana iya zama asarar da ba ta mayuwa. Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25, ƙirar ƙasar Kanada, ta zuba wa majinyata 6 hasken da ya wuce ƙima nesa ba kusa ba a asibitocin Amurka da Kanada, aƙalla 3 daga cikinsu suka rasu. Da aka bincika, sai aka tarar akwai kurakurai a cikin manhajarta, waɗanda ba sa bayyana sai in ma'aikaci ya yi wasu abubuwa a jere da sauri. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Maganin da ma'aikatu suka saba da shi na irin wannan tsoro shi ne takarda. A rubuta komi tun farko, a kai wa na gaba ya sa hannu, a ajiye a fayil, ranar da odita ya zo a nuna masa. Wannan hanya tana da amfaninta, domin tana bayyana wanda ya ba da umarni da wanda ya kashe kuɗi. Amma tana da wani aibi ɓoyayye, watau tana kare ma'aikaci daga zargi fiye da yadda take kare aikin daga lalacewa. Fayil yana iya cika da sa hannu, alhali kuwa babu wanda ya taɓa kunna na'urar ya ga ko tana aiki.

Asalin Tsarin Gangara

A watan Oktoba na 1968, ƙungiyar tsaro ta NATO ta tara masana kimanin 50 a garin Garmisch na Jamus ta Yamma, domin su tattauna abin da ya sa manyan ayyukan manhaja suke wuce lokacinsu, su cinye fiye da kuɗin da aka ware musu, sa'an nan su fito cike da kurakurai. Ra'ayin da ya yi ƙarfi a zamanin shi ne a mai da rubutun manhaja ya zama kamar aikin injiniyan gini, inda ake gama zane kafin a haƙa harsashi. A taro na biyu da aka yi a birnin Rum a 1969, wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya yi gargaɗin cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da cewa babu shi.

A 1970, Winston Royce, injiniya a kamfanin TRW mai yi wa gwamnatin Amurka aikin kumbo da na tsaro, ya gabatar da wata maƙala a kan tafiyar da manyan ayyukan manhaja. A ciki ya zana matakai a jere, kowanne yana gangarawa ga na ƙasansa: a tattara bukatu, a yi nazarinsu, a tsara fasali, a rubuta manhaja, a gwada, a miƙa. Wannan zane shi ne aka riƙa kira daga baya da sunan magangarar ruwa, domin ruwan da ya gangara ba ya komawa sama. A wannan lacca zan kira shi tsarin gangara.

Abin mamaki a nan shi ne, Royce da kansa ya faɗa a cikin maƙalar cewa bin wannan zane yadda yake yana da haɗari, domin gwaji yana zuwa ne a ƙarshe, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada. Ya ba da shawara a fara yin ƙaramin samfuri a koyi darasi daga gare shi, kuma a sa mai aikin ya riƙa leƙowa tun daga farko. Jama'a suka ɗauki zanen, suka bar gargaɗin. Dalili kuwa a fili yake: zanen ya dace da yadda ake ba da kwangila. Kowane mataki yana ƙarewa da takarda, kowace takarda tana da ranar miƙawa, kowace miƙawa tana da kason kuɗinta. A 1985 ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da ƙa'ida mai lamba 2167, wadda 'yan kwangila suka fahimta a matsayin tilasta musu bin matakan nan a jere tare da tulin takardu. Shekara 2 kacal bayan haka, a 1987, wani kwamitin masana na ma'aikatar, ƙarƙashin Frederick Brooks, ya soki wannan hanya, ya ce babu mai iya sanin dukan bukatun babbar manhaja tun kafin a fara gina ta. Sai a 1994 aka maye gurbin ƙa'idar da wata mai lamba 498, wadda ta yarda a gina aiki kashi-kashi. Amma sauya ƙa'ida ya fi sauya ɗabi'a sauƙi.

Abin da Aka Manta

Ɗalibai da yawa suna zaton gwajin kaɗan-kaɗan sabon abu ne da samarin ƙananan kamfanoni suka ƙago. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Craig Larman da Victor Basili, a wani nazari da suka buga a 2003, sun nuna cewa masu rubuta manhajar shirin Mercury, watau shirin farko na Amurka na kai mutum sararin samaniya wanda aka yi tsakanin 1958 da 1963, suna yanka aikinsu gajere ƙwarai, har zuwa rabin yini, kuma suna tsara gwajin kowane yanki kafin su rubuta shi. Haka kuma babbar manhajar kumbon nan mai zuwa ya dawo, wadda kamfanin IBM ya rubuta wa hukumar NASA tsakanin 1977 da 1980, an miƙa ta ne sau 17 cikin wata 31, ana gwada kowane kashi kafin a ɗora wani a kansa. Kumbon ya tashi karo na farko a watan Afrilu na 1981.

Ku lura da wannan da kyau, jama'a. Babu aikin da ya fi ɗaukar ran mutum zuwa sama bukatar taka-tsantsan. Amma a nan ne aka zaɓi a riƙa gwadawa kullum, domin waɗanda ke aikin sun san cewa sa hannun darakta ba ya hana kumbo faɗowa.

Daga Chrysler zuwa Snowbird

A 1996 kamfanin motoci na Chrysler ya kira Kent Beck ya ceto wani aikin manhajar biyan albashi da ya cije. Beck da abokan aikinsa suka kafa wasu ƙa'idoji masu tsanani. Kafin mutum ya rubuta wani yanki na manhaja, sai ya fara rubuta ƙaramin gwajin da zai nuna ko yankin ya yi daidai. Gwajin nan kuwa shi ma manhaja ne, kwamfuta ce take gudanar da shi da kanta, saboda haka ana iya maimaita dubbansa cikin ɗan lokaci duk sa'ad da aka taɓa wani abu. Ana haɗa aikin kowa da kowa a kai a kai, maimakon a jira ƙarshe. Sa'an nan wakilin masu aikin albashi yana zaune tare da su, shi ne yake faɗin abin da za a ɗauka a matsayin an gama. A 1997 manhajar ta fara biyan ma'aikata kimanin 10,000. Ya kamata in faɗi gaskiya, ba ta kai ga biyan dukan ma'aikatan kamfanin ba, aka soke aikin a shekarar 2000. Amma hanyoyin da aka gwada a can suka bazu.

A watan Fabrairu na 2001, mutum 17 masu irin wannan ra'ayi suka taru a wani wurin shaƙatawa mai suna Snowbird a jihar Utah, suka fitar da wata gajeruwar sanarwa, suka laƙaba wa hanyarsu suna Ajayil, kalmar da ke nufin mai zafin nama. Gundarin sanarwar shi ne, sun fifita manhajar da aka ga tana aiki a kan tulin takardu, sun fifita zama da mai aiki a kan jayayya bisa sharuɗɗan kwangila, sun kuma fifita karɓar canji a kan liƙe wa tsarin farko. A aikace, ana yanka aiki zango-zango kamar tafiyar fatake, kowane zango mako 2 ko 4, a ƙarshensa kuma dole a nuna wani abu da aka gama, aka gwada, yana aiki. Mai gwaji ya tashi daga matsayin mai gadin ƙofar fita, ya koma cikin ayari tun daga ranar farko.

Ba sai an faɗa ba, manyan ma'aikatu suka dubi wannan da ido ɗaya. Suka ce, yaya za a nemi majalisa ta ware kuɗi ga aikin da ba a rubuta ƙarshensa ba? Me za a nuna wa odita? Wa za a kama in abin ya lalace? Waɗannan tambayoyi ne na masu hankali, kuma labarin da zan ba ku yanzu shi ne yadda wahala ta koya wa wata hukuma amsarsu.

Darasin Hukumar FBI

Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta shiga ƙarni na 21 tana aiki da fayil na takarda da wata tsohuwar manhaja ta 1995 wadda jami'ai da yawa suke gudu saboda wuyar sha'aninta. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001, aka gane cewa akwai bayanai a ofisoshi dabam-dabam waɗanda ba a haɗa su wuri ɗaya ba. Aka matsa wa hukumar lamba ta hanzarta wani aiki da ta riga ta ba kamfanin SAIC, na mai da fayilolin shari'a cikin kwamfuta. Aka rubuta kundin bukatu mai shafi wajen 800. Kamfanin ya koma gefe ya rubuta layin umarni sama da 700,000, hukumar kuma tana ta aiko da canje-canje. Niyyar ita ce a kashe tsohuwar manhaja a kunna sabuwa a tashi ɗaya. A watan Disamba na 2003 aka miƙa aikin, jami'ai suka gwada, suka ce ba zai yi musu amfani ba. A 2005 aka yi watsi da shi, bayan an kashe dala miliyan 170.

Me hukumar ta koya? Da farko ta koyi darasin da ma'aikatu suka saba koya, watau a ƙara tsanani, a ƙara takarda, a ƙara masu sa ido. A watan Maris na 2006 ta ba kamfanin Lockheed Martin sabuwar kwangila mai suna Sentinel, aka ƙiyasta dukan aikin a kan dala miliyan 425, kashi 4, a gama a ƙarshen 2009. Daga baya aka ɗaga kuɗin zuwa miliyan 451. Zuwa 2010 an kashe kimanin miliyan 405, amma kashi 2 kawai aka miƙa, jami'ai kuwa suna nan suna dogara da tsohuwar manhaja.

A nan ne shugaban sashen sadarwa na hukumar, Chad Fulgham, da mataimakinsa a fannin fasaha, Jack Israel, suka ɗauki matakin da ba a saba gani ba. Suka dakatar da aikin ɗan kwangila, suka dawo da shi cikin gida, a ƙasan ginin hedkwatar hukumar a Washinton. Suka rage masu aikin daga ɗaruruwa zuwa kimanin 50. Suka yanka bukatun da suka rage zuwa ƙananan ayyuka 670, kowanne an rubuta shi da harshen jami'in da zai yi amfani da shi, suka tsara zango 21 na mako 2. A ƙarshen kowane zango sai a nuna abin da aka gina, kuma ba a lissafa aiki cikin waɗanda aka gama sai ya ci gwajinsa.

Abin da ya fi dacewa da maganarmu ya faru ne a watan Oktoba na 2011. Hukumar ta sa ma'aikata sama da 700 daga ofisoshinta su hau manhajar a lokaci guda, kamar ranar aiki ta gaske. Manhajar ta tsaya cik har sau 2, domin tsofaffin na'urorin da aka ɗora ta a kansu ba su iya ɗaukar nauyin ba. Wannan ya jawo jinkiri da surutu, aka sayi sababbin na'urori. Amma ku duba bambancin. A 2003 an gano matsala bayan kuɗi sun ƙare, sai aka binne aikin. A 2011 an gano matsala a filin gwaji, sai aka gyara. Ranar 1 ga Yuli na 2012 aka buɗe Sentinel ga dukan hukumar, ba tare da an wuce dala miliyan 451 ba. Ba a rasa ƙorafi ba, domin babban mai binciken ma'aikatar shari'a ya ruwaito a 2014 cewa jami'ai suna kuka da sashen neman bayanai. Duk da haka hukumar ta sami abin da ta yi shekara 11 tana nema.

Misalai Biyu na 2013

Kada wani ya zaci darasin ya bazu nan da nan. Ranar 1 ga Oktoba na 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe shafin HealthCare.gov, inda miliyoyin mutane za su sayi inshorar lafiya bisa sabuwar dokar shugaba Obama. Kwangiloli da dama aka rarraba wa kamfanoni dabam-dabam, kowanne ya gina ɓangarensa. Wakilan kamfanonin sun shaida wa majalisar dokoki daga baya cewa gwajin haɗa dukan ɓangarorin daga farko zuwa ƙarshe an fara shi ne saura mako 2 a buɗe. A ranar farko mutum 6 kaɗai suka iya kammala rajista. An fafe gora ranar tafiya. Wata ƙaramar tawagar ƙwararru ce ta ceto shafin cikin kimanin wata 2, ta hanyar auna yadda yake aiki a kowane lokaci da gyara shi kaɗan-kaɗan kullum. Daga wannan abin kunya ne aka kafa wasu sassa biyu na ƙwararrun manhaja a cikin gwamnati a 2014, ko da yake a 2025 an rufe ɗaya, an sauya wa ɗayan suna da manufa.

Misali na biyu ya nuna kishiyar matsalar. A Birtaniya, ma'aikatar ayyuka da fansho ta fara shirin Universal Credit a 2010, don haɗa tallafi iri 6 na marasa galihu ya zama guda. Ma'aikatar ta yi shelar cewa da hanyar Ajayil za ta yi aikin. A watan Satumba na 2013 ofishin babban oditan ƙasar ya fitar da rahoto mai zafi. Ya ce ma'aikatar ba ta saba da hanyar ba, ba ta da cikakken tsarin yadda shirin zai gudana, kuma an bar wata al'ada ta kafu wadda labari mai daɗi kaɗai ake kai wa manya. Rahoton ya ce an riga an yi asarar aikin manhaja na fam miliyan 34. Watau an ari sunan hanyar, an bar ruhinta, domin amfanin gwaji da wuri shi ne a ji mummunan labari da wuri, wanda kuwa ya toshe kunnensa bai ƙaru da komi ba. Bayan an sake lale, aka fara sabuwar manhaja a 2014 a wani ɗan yanki na Sutton da ke kudancin Landan, da mutane ƙalilan, ana koyo ana faɗaɗawa, har ta kai dukan ofisoshin ƙasar a watan Disamba na 2018.

Yadda Aka Sasanta

To, yaya aka amsa tambayoyin nan na odita da na majalisa? An amsa su ta hanya uku.

Ta farko, an gane cewa gwajin da kwamfuta ke gudanarwa shi kansa shaida ne. Duk lokacin da aka gudanar da shi yana barin rubutu mai kwanan wata, mai nuna wace bukata aka gwada, wa ya canza me, kuma mene ne sakamako. Odita mai neman hujja ya fi samun ta a nan fiye da a cikin kundin da aka rubuta shekara 3 da suka wuce. Saboda haka ne a 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani jagora da aka wallafa a 2012, mai bayyana yadda za a yi amfani da hanyar Ajayil wajen manhajar na'urorin asibiti ba tare da an saɓa wa ƙa'ida ba. Takarda ba ta mutu ba, sai dai ta koma tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da aikin.

Ta biyu, an sauya yadda ake sakin kuɗi. Birtaniya ta kafa sashen ayyukan gwamnati na intanet a 2011, aka ba shi ikon duba manyan kashe-kashen kuɗin manhaja na ma'aikatu, kuma aka sa sharaɗin cewa sabon aiki ya bi matakai, a gwada shi da mutanen da za su yi amfani da shi, a tantance shi kafin ya wuce gaba. Ma'aikatar tsaron Amurka, wadda ta fitar da ƙa'idar 1985, ita ce a 2020 ta buɗe hanya ta musamman ta sayen manhaja kashi-kashi.

Ta uku, an koyi rarrabe na gaske da na jabu. A 2018 wani kwamitin ba da shawara na ma'aikatar tsaron ya fitar da ɗan littafin gane ayyukan da ke kiran kansu Ajayil da baki kawai. Ma'aunin mai sauƙi ne: shin masu amfani na gaske suna taɓa manhajar a kai a kai, kuma abin da suka faɗa yana canza aikin?

Ya kamata in ƙara da cewa hanyar tana da iyaka. Ƙananan gwaje-gwaje ba sa maye gurbin babban gwajin nauyi irin na FBI, ko binciken tsaro daga wanda ba ya cikin ayarin. Gargaɗin Dijkstra yana nan daram. Kuma hanyar tana bukatar ma'aikata ta mallaki ƙwararrunta na cikin gida, waɗanda za su iya duban aikin ɗan kwangila su ce wannan bai yi ba.

Kammalawa

Mai girma shugaba, wannan tarihi na wasu ƙasashe ne, amma ba mu tsira daga irinsa ba. A watan Mayu na 2025 hukumar JAMB ta fito ta amince cewa tangarɗar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, har aka sake musu jarrabawa. Biyan albashi, da tara haraji, da rajistar ɗalibai, duk suna komawa cikin kwamfuta, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a wannan zaure su ne za su sa hannu a kan kwangilolin.

Ga ma'aikacin da irin wannan fayil ya zo teburinsa, ina ba da shawarar tambayoyi huɗu. Yaushe zan fara ganin wani yanki na aikin yana gudana a gabana? In an ce sai bayan shekara 2, to a sake zama. Wane ne daga cikin akawunan da za su yi amfani da shi zai zauna da masu ginin? Za a iya farawa da ofis ɗaya ko ƙaramar hukuma ɗaya, tsohuwar hanya tana nan a gefe, kafin a game ko'ina? Sa'an nan ta huɗu, wadda ta fi sauran wuya domin kansa take tambaya: in ƙaramin ma'aikaci ya zo mini da labarin cewa gwaji ya faɗi, zan gode masa ko zan ba shi takardar tuhuma?

Ga ɗalibai kuwa, musamman masu karatun kwamfuta, kada ku raina aikin gwaji ku ce na waɗanda ba su iya rubutu ba ne. Ku koyi rubuta gwaji tare da manhaja, ku kuma koyi harshen odita da na ma'aji, domin ba za ku shawo kan babban sakatare da kalmomin Turanci masu ƙyalli ba, sai da hujjar cewa hanyarku ta fi kare amanar da ke wuyansa. Magina na gargajiya sun san cewa ana yi wa bango ado ne tun laka tana ɗanya, in ta bushe sai dai a fasa. Shi ya sa aka ce tun ran gini tun ran zane.